Yadda Ake Auna Tasirin Mujallun Ilimi a Fannin Sarkar Samar da Kaya da Jigila

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ɗaliban digiri na biyu da na uku, da malaman da ke neman ƙarin girma, da masu zama a kwamitocin tantance takardu: a cikin mujallun sarkar samar da kaya da jigila, wacce ce ta fi tasiri, kuma ta yaya ake ganewa? Yawanci mai tambayar lamba ɗaya yake so a ba shi ya tafi. Wannan fannin kuwa bai yarda da lamba ɗaya ba, domin manyan rumbunan ƙididdiga guda biyu masu ƙirga ambato (wato yadda wasu maƙalu ke kafa hujja da wata maƙala a madogararsu), Web of Science da Scopus, babu wanda ya ware masa rukuni na kansa. Mujallunsa a warwatse suke, wasu a rukunin gudanarwa, wasu a sufuri, wasu a injiniyan masana'antu, wasu a binciken ayyuka. Saboda haka aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu guda: ka haɗa mujallun da suka dace a gwada su da juna, sannan ka auna su da ma'auni iri ɗaya, na shekara ɗaya.

Kayan aiki da abin da za su ci

Na kyauta sun ishi mutum yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin. Shafin SCImago yana ba da lambar SJR (ɗaya daga ma'aunan tasiri; bayaninsa da na sauran yana mataki na 4) da matsayin mujalla a rukuninta. Shafin mujallu na Scopus yana nuna CiteScore da SJR da SNIP ko da ba ka biya komai ba. Master Journal List na kamfanin Clarivate yana gaya maka ko mujalla tana cikin Web of Science, da ɓangaren da take. Google Scholar yana da sashen ma'aunin mujallu, akwai kuma manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing da ake saukewa kyauta. OpenAlex, rumbun maƙalu da ambatonsu wanda ya fara aiki a 2022, buɗaɗɗe ne ga kowa.

Abu biyu ne suke bayan ƙofar kuɗi: Journal Citation Reports, rahoton shekara-shekara na Clarivate, inda lambar JIF (Journal Impact Factor, lambar tasirin mujalla) ta hukuma take, da cikakken binciken Scopus da ke ba ka damar sauke jerin maƙalu da yawan ambaton kowace. Jami'o'i ne suke biyan kuɗin waɗannan ta hannun ɗakin karatu, don haka ka fara tambayar ma'aikacin ɗakin karatunku. In babu, OpenAlex zai tsaya a madadin Scopus a mataki na 6 da na 7, lambar JIF kuma mawallafa kan rubuta ta a shafin mujallar.

Sai jadawalin Excel ko makamancinsa. Mujallu goma sha biyu za su ci maka yini ɗaya zuwa biyu in za ka bi matakan nan duka.

Mataki na 1: Rubuta dalilin awon

Jimla ɗaya ta isa, amma ka rubuta ta a saman jadawalin. Wanda ke neman inda zai tura maƙalarsa yana bukatar sanin su wa ke karanta mujallar. Kwamitin ƙarin girma yana bukatar sanin matsayinta a jerin da jami'ar ta amince da shi. Ɗakin karatun da ke son rage kuɗin rajista yana bukatar sanin wacce malamansa suke ambata. Ma'aunin da ya amsa wa ɗaya ba lallai ya amsa wa sauran ba.

Gargaɗi: lambar mujalla ba ta auna ingancin maƙala guda ko na marubuci guda. Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda aka fi sani da DORA, an yi ta ne musamman don hana wannan. In aikinka tantance mutum ne, ka karanta abin da ya rubuta, ka duba ambaton maƙalunsa su da kansu.

Mataki na 2: Haɗa kwandon mujallu

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne aka fi yin gaggawa.

Mujallun fannin sun kasu gida uku bisa irin binciken da suke bugawa. Gida na farko na masu binciken gani da ido ne, waɗanda ke aiki da tambayoyin jin ra'ayi, nazarin kamfanoni da bayanan kasuwa, suna gina ka'idojin gudanarwa. A nan ake samun Journal of Supply Chain Management, Journal of Business Logistics, International Journal of Physical Distribution & Logistics Management, International Journal of Logistics Management, Supply Chain Management: An International Journal, Journal of Purchasing and Supply Management, International Journal of Operations & Production Management da Journal of Operations Management. Gida na biyu na masu lissafi ne, masu ƙera tsarin ajiyar kaya, rabon motoci a hanya da hasashen bukata ta hanyar lissafi: Manufacturing & Service Operations Management, Transportation Science, da babban kaso na Production and Operations Management. Gida na uku yana tsakani, ya karkata wajen injiniya da sufuri: Transportation Research Part E, International Journal of Production Economics da International Journal of Production Research.

Al'adar ambato a gidajen nan ba ɗaya ba ce. Maƙalar gudanarwa takan zo da dogon jerin madogara, ba abin mamaki ba ne ta haura ɗari. Maƙalar lissafi takan taƙaita, kuma ana ɗaukar lokaci kafin wasu su gina a kanta. Sakamakon haka mujallar lissafi da masana suke girmamawa ƙwarai tana iya fitowa da lambar da ba ta kai ta wata mujallar gudanarwa ta tsaka-tsaki ba. In ka zuba su a layi ɗaya ka jera daga babba zuwa ƙarami, abin da ka auna shi ne tsawon jerin madogara, tasirin yana nan ba ka taɓa shi ba.

Yadda za ka yi: ɗauki maƙalu ashirin zuwa talatin na shekaru biyar da suka wuce a kan ainihin batun da ya dame ka, misali juriyar sarkar kaya ko jigilar matakin ƙarshe zuwa ƙofar mai saye. Rubuta mujallar da kowace ta fito, da mujallun da suka fi yawa a madogararsu. Sunayen da suke ta maimaituwa su ne kwandonka. Takwas zuwa goma sha biyar sun isa. A jadawalin ka buɗe ginshiƙi ka rubuta gidan kowace.

Gargaɗi: Management Science da European Journal of Operational Research da Journal of Cleaner Production za su bayyana a jerinka, domin suna buga maƙalun sarkar kaya da yawa. Sai dai lambarsu ta dukan fannonin da suke bugawa ce. Ka ajiye su gefe, in ka zo mataki na 6 ka auna maƙalunsu na sarkar kaya kaɗai.

Mataki na 3: Tabbatar da sunan da lambar ISSN

Kada ka yi bincike da suna kaɗai. Sunayen mujallun fannin nan sun yi kama da juna har su rikita gwani, kuma mujallun bogi suna amfani da wannan, su ƙara kalma ɗaya a kan sanannen suna su buɗe shafi. Kowace mujalla tana da lambar ISSN mai lambobi takwas, galibi guda biyu, ɗaya ta bugun takarda ɗaya ta intanet. Ɗauko su daga shafin mawallafin, ka rubuta duka biyun, ka saka su a Master Journal List da shafin mujallu na Scopus. In lambar ba ta fito ba, mujallar ba ta cikin rumbun, komai tambarin da ta manna a shafinta.

Ka kuma lura da canjin suna in bincikenka ya koma baya sosai. Journal of Purchasing and Supply Management tana amsa sunan European Journal of Purchasing & Supply Management har zuwa 2002. Journal of Supply Chain Management ta ɗauki wannan sunan ne a 1999, kafin nan International Journal of Purchasing and Materials Management ce. Transportation Research Part E ta gaji Logistics and Transportation Review a 1997. Rumbunan kan raba tarihin irin waɗannan gida biyu. Canjin mawallafi ma yana da nasa rikicin: Journal of Operations Management ta koma Wiley daga Elsevier a 2019, don haka ƙididdigar saukewa da ke shafin mawallafi ɗaya ba ta ƙunshi duka tarihinta ba.

Gargaɗi: JIF na gaskiya Clarivate kaɗai ke bayar da shi. Duk mujallar da ta rubuta wata lambar tasiri da sunan wani kamfani da ba ka sani ba, ka ɗauka babu lambar.

Mataki na 4: Ɗauko lambobin, duka na shekara ɗaya

Zaɓi shekara ɗaya ka tsaya a kanta. Akwai tarko a nan: rahoton Clarivate yana fitowa ne a watan Yuni, kuma wanda ya fito a 2025 lambobin 2024 ne a cikinsa. Mawallafa kuma ba rana ɗaya suke sabunta shafukansu ba, sai ka ga mujalla ɗaya da sabuwar lamba, maƙwabciyarta da ta bara. Ka rubuta shekarar ƙididdigar kusa da kowace lamba.

JIF. Ana ƙirga ambaton da aka yi a shekara ɗaya ga abin da mujallar ta buga a shekaru biyu da suka gabace ta, a raba da yawan maƙalun bincike da na bita na waɗannan shekaru biyun. A ce wata mujalla ta buga maƙalu 40 a 2022 da wasu 40 a 2023, aka ambace su sau 560 a cikin 2024. JIF ɗinta na 2024 shi ne 560 a raba da 80, wato 7.0. Ka riƙe wannan misalin, za mu dawo kansa. Abin lura shi ne ambaton da aka yi wa sharhin edita da wasiƙu yana shiga lissafin sama, amma su ba a ƙirga su a ƙasa. Tun 2023 ana rubuta JIF da lamba ɗaya bayan ɗigo, kuma an faɗaɗa shi zuwa mujallun ESCI, ɓangaren mujallu masu tasowa na Web of Science, don haka samun JIF kaɗai ba ya nuna mujalla tana cikin manyan ɓangarorin SSCI (kimiyyar zamantakewa) ko SCIE (kimiyya da fasaha) kamar yadda yake a da.

Ɗauki JIF na shekaru biyar ma. A wannan fannin ya fi na shekaru biyu faɗin gaskiya, saboda daga lokacin da mutum ya karanta maƙala zuwa lokacin da tasa mai ambatonta ta wuce tantancewa ta fito, shekara biyu kan shuɗe.

CiteScore. Tun sauyin da aka yi masa a 2020, yana ɗaukar shekaru huɗu sama da ƙasa. CiteScore na 2024 shi ne ambaton da aka yi daga 2021 zuwa 2024 ga takardun da aka buga a waɗannan shekarun, a raba da yawansu. Tagarsa ta fi faɗi, Scopus kuma ya fi Web of Science yawan mujallu, shi ya sa kusan kullum ya fi JIF girma. Wanda ya gwada CiteScore na wannan mujalla da JIF na waccan ya gwada mudu da tiya.

SJR. Yana amfani da bayanan Scopus na shekaru uku, amma ambaton da ya fito daga mujalla mai daraja ya fi nauyi a kan wanda ya fito daga ƙarama, kuma ambaton da mujalla ta yi wa kanta ba ya wuce kashi 33 cikin ɗari a lissafin. A nan ne mujallu irin Management Science da Journal of Operations Management suke nuna ƙarfinsu.

SNIP. Cibiyar CWTS ta Jami'ar Leiden ce ta ƙirƙiro shi. Yana gyara bambancin al'adar ambato tsakanin fannoni, don haka shi ne ya fi cancanta in dole sai ka gwada mujallar lissafi da ta gudanarwa. Clarivate yana da makamancinsa, JCI, wanda ya fito a 2021, inda 1.0 ke nufin matsakaicin rukuni.

h5 na Google Scholar. In mujalla tana da h5 na 60, tana da maƙalu 60 a cikakkun shekaru biyar da suka wuce waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 60.

Gargaɗi: h5 yana bin girman mujalla. International Journal of Production Research tana fitowa sau 24 a shekara da ɗaruruwan maƙalu, Journal of Supply Chain Management kuwa sau huɗu kacal. Ta biyun ba za ta taɓa kamo ta farkon a h5 ba ko da kowace maƙalarta ta yi fice. Google ma ba ya lissafa mujallar da ba ta kai maƙalu 100 ba a shekaru biyar ɗin. Saboda haka ka buɗe ginshiƙin yawan maƙalu a shekara dab da na h5, kada ka karanta ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Mataki na 5: Matsayin kwata (Q1 zuwa Q4)

Q1 na nufin mujallar tana cikin kashi 25 cikin ɗari na sama a rukuninta, har zuwa Q4 na ƙasa. Tunda fannin ba shi da rukuni, kowace mujalla da abokan gasarta daban. Journal of Business Logistics tana gogayya da mujallun gudanarwa, Transportation Research Part E tana cikin rukunoni da dama har da tattalin arziki da sufuri, International Journal of Production Research tana tare da injiniyoyi. Mujalla ɗaya tana iya zama Q1 a wani rukuni, Q2 a wani, kuma jerin SCImago mafi kyawun matsayin yake nunawa. Ka buɗe shafin mujallar ka kwafe duka rukunonin da matsayinta a kowane. Q1 na SCImago da Q1 na Clarivate ma ba abu ɗaya ba ne, ka rubuta daga inda ka ɗauko.

A gaskiya kwata ba ta da amfani sosai a wannan aikin. Yawancin sanannun mujallun fannin Q1 ne a SCImago, sai ka ga ginshiƙin ya cika da abu ɗaya bai raba maka komai ba. Matsayin cikin ɗari da Scopus ke nunawa kusa da CiteScore ya fi rarrabewa.

Mataki na 6: Buɗe lambar ka ga abin da ke ciki

JIF da CiteScore matsakaici ne, ambato kuwa ba ya rabuwa daidai tsakanin maƙalu. Kaɗan ne suke kwashe yawanci. Mu koma misalinmu na maƙalu 80 da ambato 560. A ce biyu daga cikinsu maƙalun bita ne da suka tattara binciken da aka yi a kan wani batu mai tashe, suka samu ambato 200 su biyu. Sauran 78 sun raba 360, wato kusan 4.6 kowace. Lambar da ke shafin mujallar 7.0 ce, amma maƙalar bincike ta yau da kullum a cikinta ba ta kusa da hakan. Wannan ya faru sosai a fannin bayan ɓarkewar korona a 2020, lokacin da maƙalu kan juriyar sarkar kaya da katsewarta suka riƙa samun ambato da sauri fiye da yadda aka saba. Mujallar da ta buga irinsu uku ko huɗu lambarta ta yi tsalle, daga baya da suka fita daga tagar shekaru biyun sai ta sauko.

Ga yadda ake dubawa. A Scopus ko OpenAlex ka nemo mujallar da lambar ISSN, ka taƙaita shekarun zuwa uku cikakku waɗanda suka riga suka samu aƙalla shekara biyu da fitowa. Ka tace nau'in takarda, maƙalun bincike daban, na bita daban. Sauke jerin da yawan ambaton kowace, ka zuba a jadawali. Sai ka fitar da abu huɗu. Na farko lambar tsakiya, wato ambaton maƙalar da ta faɗo a tsakiyar layi in aka jera su, a Excel ana samunta da =MEDIAN(B2:B81) in maƙalu 80 ne a ginshiƙin B. Na biyu kason ambaton da maƙalu biyar na sama suka kwashe. Na uku kason maƙalun da ba a taɓa ambata ba. Na huɗu kason maƙalun bita a cikin abin da mujallar ta buga. Masu shiga Journal Citation Reports za su tarar an riga an fitar musu da lambar tsakiya ta maƙalun bincike da ta na bita a shafin kowace mujalla, da zanen yadda ambaton ya rabu.

Idan lambar tsakiya tana kusa da matsakaici, ƙarfin mujallar ya game maƙalunta. Idan tazarar ta yi yawa, 'yan maƙalu ne suke ɗauke da ita.

Sai ambaton kai. Rahoton Clarivate yana ba da JIF da aka cire ambaton da mujalla ta yi wa kanta. A misalinmu, in 90 cikin 560 daga mujallar kanta suka fito, ragowar 470 a raba da 80 ya ba da 5.9, ambaton kai kuma kusan kashi 16 cikin ɗari ne. Wannan lambar ba ta da ma'ana ita kaɗai. Mujallar da ta ƙware a ɗan ƙaramin fanni, kamar sayayya ko sufurin jiragen ruwa, dole ta riƙa ambaton kanta, domin nan ne ake tattauna batun. Abin dubawa shi ne wadda ta fita daban a cikin 'yan gidanta, ko wadda kasonta ya yi tsalle a shekara ɗaya. Binciken Wilhite da Fong da ya fito a mujallar Science a 2012 ya nuna cewa matsa wa marubuta su ƙara ambaton mujallar da suka tura wa maƙala ya fi kamari a fannonin kasuwanci. Clarivate kuma yakan hana wasu mujallu JIF na shekara saboda ambaton kai da ya wuce kima ko musayar ambato tsakanin mujallu. In ka ga giɓi a tarihin JIF na mujalla, ka bincika dalili.

Gargaɗi: in da Publish or Perish kake aiki a kan Google Scholar, bincike ɗaya ba ya ba da sakamako fiye da 1,000, don haka ka raba manyan mujallu shekara-shekara. Ka kuma share maimaici da hannu, domin maƙala ɗaya takan fito sau biyu ko uku, ta mawallafi da ta rumbun jami'a. Ambaton Google ya haɗa da kundayen digiri da takardun da ba a tantance ba, shi ya sa ya fi na Scopus yawa. Kada ka haɗa su a ginshiƙi ɗaya.

Mataki na 7: Su wa ke ambatonta

Daga jerin maƙalun da ka sauke, ka buɗe jerin takardun da suka ambace su, ka rarraba bisa mujallar da suka fito. Kwafe goma na sama. Tambayar ita ce nawa daga cikin goman suke cikin kwandonka. Mujallar jigila da yawancin ambatonta ke fitowa daga manyan mujallu masu buga dubban maƙalu a kan kowane irin batu tana iya samun lamba mai tsoka alhali 'yan fannin ba su cika gina bincikensu a kanta ba. Wadda Journal of Operations Management da Journal of Business Logistics da ire-irensu suke yawan ambata, ita ce ake jin muryarta a cikin gida.

In kana da lokaci, ka yi ɗan jadawali mai mujallun kwandon a layi da kuma a ginshiƙi, kowane gurbi ya nuna sau nawa ta layin ta ambaci ta ginshiƙin, ka raba da yawan maƙalun wadda aka ambata. Nan take za ka ga wadda ake ɗauka daga gare ta fiye da yadda take ɗauka daga wasu. Manhajar VOSviewer ta kyauta tana zana wannan a matsayin taswira.

Mataki na 8: Jerin makarantun kasuwanci

A makarantun kasuwanci da yawa waɗannan jerin sun fi JIF nauyi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, saboda hukuncin masana ya shiga cikinsu. Academic Journal Guide na ƙungiyar makarantun kasuwanci ta Birtaniya yana ba da maki daga 1 zuwa 4, sai 4* a ƙololuwa, inda Journal of Operations Management take. An fitar da shi a 2015, 2018, 2021 da 2024, ana dubawa kyauta bayan rajista. Jerin ABDC na majalisar shugabannin makarantun kasuwanci ta Ostareliya yana amfani da A*, A, B da C, ana sauke shi a jadawali. Jamus tana da nata na ƙungiyar VHB. Jerin mujallu 50 da jaridar Financial Times ta fitar a 2016 da jerin 24 na Jami'ar Texas da ke Dallas sun ƙunshi Journal of Operations Management, Production and Operations Management, Manufacturing & Service Operations Management, Management Science da Operations Research, amma babu mujallar da ta keɓanta ga jigila ko sayayya a cikinsu. Journal Quality List na Harzing ya tattara da yawa daga waɗannan a takarda ɗaya, zai rage maka yawo.

Gargaɗi: makin mujalla yana canzawa daga bugu zuwa bugu, kuma wasu mujallun sarkar kaya sun hau sama a bugun baya-bayan nan. Ka rubuta shekarar jerin. Ka kuma tambayi jami'arku wane bugu take amfani da shi, na shekarar da maƙala ta fito ko na shekarar da ake tantancewa, domin wannan kaɗai yana iya canza sakamakon mutum.

Mataki na 9: Karanta jadawalin ka rubuta hukunci

Yanzu kowace mujalla tana da layi mai ɗauke da gidanta, ISSN, yawan maƙalu a shekara, JIF na shekaru biyu da na biyar, JIF ba ambaton kai, CiteScore da matsayinsa cikin ɗari, SJR, SNIP, lambar tsakiya, kason masu ambato daga cikin kwando, da makin jerin makarantu. Jera su gida-gida. Kada ka tara lambobin ka fitar da jimla ko matsakaici, domin JIF da CiteScore da h5 kusan abu ɗaya suke ƙirgawa, tara su ninka murya ɗaya ce sau uku. Ka raba kowane gida mataki uku kawai: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Mujallar da ta tsaya a sama a SJR, a lambar tsakiya da kuma jerin masana, ta sama ce ba gardama. Bambancin 6.8 da 7.1 kuwa ba bambanci ba ne, musamman ga mujallar da ke buga maƙalu ashirin ko talatin a shekara, inda maƙala ɗaya za ta iya motsa lambar. Don haka ka ɗauko JIF ko CiteScore na shekaru biyar a jere ka ga ko hawa take, ko sauka, ko tsalle ɗaya ta yi.

Inda ma'aunai suka saɓa, ka rubuta saɓanin da dalilinsa a jimla ɗaya. JIF babba da SJR ƙarami yawanci yana nufin ambato mai yawa daga mujallu marasa nauyi. JIF ƙarami da maki babba a jerin masana alamar mujallar lissafi ce. Matsakaici babba da lambar tsakiya ƙarama aikin maƙalun bita ne.

Duk wannan tasiri ne a tsakanin masu bincike. In dalilin da ka rubuta a mataki na 1 ya shafi manajojin rumbunan ajiya, jami'an sayayya da masu tsara manufofin sufuri, ka ƙara ginshiƙi biyu: yawan saukewa daga shafin mawallafi, da makin Altmetric na maƙalu goma na sama, wanda ke nuna ambato a jaridu da takardun manufofi. A ƙasan jadawalin ka rubuta ranar da ka ɗauko kowace lamba da rumbun da ta fito, domin ambaton Scopus da na OpenAlex yana ƙaruwa kullum, kuma wanda zai maimaita aikin bayan wata shida ba zai tarar da lambobinka yadda ka bar su ba.